Kada a Canza Kwaɗon Shago

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce mahaifiyarku, mai shagon wanki da guga na bakin kwana. Na rubuta wannan takarda da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya tilasta ni, babu ma wanda ya isa. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ya daɗe yana jujjuya takardu kafin ya iya faɗa, har na tausaya masa na ce ya kwantar da hankalinsa, ai na riga shi sani. Amma kaina garau yake. In kuna neman shaida, a ranar ma sai da na gaya masa cewa wanda ya goge masa riga ya fara da gaban kwala maimakon bayanta, shi ya sa ta tattare a gefe. Bawan Allah sai ga shi yana shafa wuyansa.

Auta, ke ce malamar makaranta, ke za ki karanta. Ki karanta a shago bayan an sauke ƙofa rabi, Yayarki tana zaune, ma'aikata duk suna nan. Kar ki tsallake layi ko ɗaya, na san halinki na gyara wa mutane magana. Ranar ziyara kuma ki je ki karanta wa yayanki Dogo, tunda shi sai nan da wata huɗu zai fito daga gidan yari, ni kuwa ban yi wa kowa alkawarin kaiwa lokacin ba.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne, a kira masu ilimi su raba yadda Allah Ya ce. Roƙona kawai, kada a sayar da injunan wanki a raba kuɗin. Shago ya ci gaba da aiki a hannun babbarku, wadda tun tana 'yar shekara goma muke ce wa Manaja saboda yadda take ba ƙannenta umarni hannu a ƙugu. Ƙananan kaya kuwa na riga na bayar da raina. Tsohon dutsen gugana na gawayi na ma'aikacinmu Sarkin Kwala ne, shekara ashirin yana kallon sa yana haɗiyar yawu. Rediyon kan kanta na ma'aikaciyarmu Gwaggo Sitati ne, ko banza ita kaɗai ta san inda ake bugun sa ya yi magana. Auta, ki ɗauki keken ɗinkina, ki daina kawo wa mutane maɓalli a cikin jaka.

Na biyu. Maganar kwas.

Kun tashi kuna jin cewa lokacin da Manaja tana da shekara bakwai, Dogo yana da huɗu, Auta ba a ma haife ta ba, na tafi wani kwas na shekara uku na koyo wanki da guga. To, kwas ɗin nan gidan yari ne. Na sayi atamfofi da yadi a hannun wasu masu gadin masaƙa, na san na sata ne, na yi ta sayarwa ina jin daɗin riba, har ranar da 'yan sanda suka zo suka same ni ina tsakar wanke-wanke. Ba sharri aka yi mini ba. Na aikata, aka ɗaure ni, na yi zamana.

Auta, kar ki tsaya kina zare ido, ci gaba da karatu. Na san kin sani. Gwaggonku, ƙanwar babanku, ta gaya miki kina aji uku na sakandare, ta sa ki rantse, sannan ta zo da gudu ta gaya mini cewa ta gaya miki, don maganar da ta kwana a cikinta ba a yi ta ba tukuna. Dogo ya sani, ya ga takardar sallamata a gwangwanin da nake ajiye katin asibiti, ya mayar da ita a kife. Manaja kuwa a gabanta aka tafi da ni. Ku ukun nan kowa ya sani, kowa yana ɓoye wa 'yan'uwansa don kar zuciyarsu ta karye. Shekara da shekaru, da an fara labarin gidan yari a rediyo sai in ga hannu uku suna rige-rigen murɗa shi, wannan yana tari, waccan tana tambayar ƙarfe nawa. Nakan shiga bayan labule in yi dariya har da hawaye. Wallahi ban taɓa jin daɗin wauta irin taku ba, Allah Ya yi muku albarka.

Kuma marigayi babanku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don a can na koyi aikin. Ni ke goge kakin gandirobobi. Ninkin nan namu da kwastomomi ke yabo, wanda ake kai hannuwan riga baya, a ninka uku, a cusa gefe a ciki, har Manaja ta sa aka rubuta a allon shago wai ninki na musamman, to ninkin fursuna ne. Muna yin sa ne saboda jefa kaya ake yi daga hannu zuwa hannu har su kai kanta, in ba a cusa gefen ba sai su warware a sama. Ranar da na fara kai wa Dogo ziyara, babbar jami'ar da ke duba kaya a ƙofa ta ɗaga tawul ɗin da na kawo, ta juya shi, ta kalle ni ta ce, "Baiwar Allah, wannan ninkin wuri ɗaya ake koyar da shi." Ashe yarinyar nan ce sabuwar ɗauka da nake goge wa kaki shekara talatin da biyar da suka wuce, yanzu har da furfura. Muka rungume juna a gaban layi muna shewa, mutane suka ɗauka 'yar'uwata ce da ta ɓata.

Na uku. Ina so ku san yadda na sami aiki, don a kansa duk wannan takarda ta tsaya.

Na fito a shekarar da masaƙar ta rufe, kamfanonin bakin titi suna sallamar mutane ɗari-ɗari. Babanku ma an rage musu kwanakin aiki. In aka ce ana neman masu shara uku, kafin gari ya gama wayewa mutum ɗari biyu sun yi layi, har da masu digiri riƙe da fayil. Kowane fom kuma yana da ɗan akwatin nan a ƙasa: an taɓa ɗaure ka? Sau ɗaya na yi ƙarya na ce a'a. Aka ɗauke ni a ɗakin wankin wani asibiti, na yi kwana tara, wata ta gane ni, aka kira ni ofis aka ce in ajiye rigar aiki. Daga nan na koma faɗin gaskiya, sau goma sha ɗaya ina faɗa, sau goma sha ɗaya ana cewa za a neme ni. Wata mata ta ba ni wankin gwaji ta saka ɗan kunnen zinare a aljihun rigar mijinta. Na kai mata abinta. Ta karɓa ta yi murmushi ta ce na ci jarrabawa, amma dai hankalinta bai kwanta ba. Ranar na yi kuka a hanya, ba don aikin ba, don an ɗana mini tarko kamar ɓera.

Na yi wata bakwai a haka, takalmina har ya huje. Ran nan na biyo ta bakin kwanar nan na ga wani tsoho mai tabarau yana guga, yana yi yana dafe ƙugu. Na yi sallama na ce ina neman aiki, kuma kafin ya buɗe baki na ce masa daga gidan yari na fito. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na tambaye ki?" Ya miƙo mini farar riga. Na goge, na ninke. Ya ɗaga ta ya duba kwala, ya duba bakin hannu, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Sai ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi ɗaure da jan zare ya ajiye a kan teburin guga. "Gobe ƙarfe shida ki buɗe, ki hura gawayi. Ni bayana ba ya barina tashi da wuri."

Na tsaya sororo. Shago cike da kayan mutane, kwat-kwat, zannuwan gado, rigunan amare. Na ce, "Baba, ko ba ka ji abin da na ce ba?" Ya ce ya ji, kunnensa lafiya lau, bayansa ne ke ciwo.

Washegari na iso da sauran duhu-duhu. Sau biyu mabuɗin yana faɗuwa daga hannuna kafin in sa shi. Da kwaɗon ya buɗe, na ɗaga ƙofa, na shaƙi ƙamshin sabulu da sitati, sai na zauna a kan buhun gawayi na yi ta godiya ga Allah. Amma duk safiyar ina waiwaye, na tabbata tsohon yana laɓe wajen mai shayi na tsallaken titi yana leƙe na. Na goge riga goma sha huɗu ina yi wa wanda ba na gani burga. Bai zo ba sai wajen ƙarfe tara. Bayan shekaru, lokacin da zai bar mini shagon ya koma wajen 'ya'yansa, na tambaye shi inda ya ɓuya a ranar. Ya ce, "Ɓuya kuma? Barci nake yi, 'yar nan. Shekara goma rabona da barcin safe mai daɗi irin na ranar." Allah Ya jiƙan Mai Tabarau, Ya sa barcinsa na yanzu ya fi wancan daɗi.

Na huɗu. Dokar mabuɗi tana nan. Duk wanda aka ɗauka aiki a shagon nan, ranar farko a ba shi mabuɗi, washegari shi zai buɗe shi kaɗai. Ba a ɗana wa kowa tarko a aljihu. In mutum ya faɗi inda ya fito, a ba shi riga ya goge, hannunsa za a duba. Mutum goma sha bakwai na ba mabuɗin nan, goma sha ɗaya daga cikinsu daga inda na fito suka fito. Ba zan yi muku ƙarya ba, ɗaya ya gudu da dutsen guga biyu da kwat ɗin wani lauya, na sha zagi a kan kwat ɗin nan har na ƙoshi. Ɗaya kuma ta dawo da mabuɗin bayan mako guda ta ce ita tashin asuba ba nata ba ne. Sauran kuwa ga su nan, wasu sun buɗe nasu shagunan. Sarkin Kwala, na san kana can ka sunkuyar da kai. Ɗago, kowa ya san ka yi shekara biyar, kuma kowa ya san babu mai tsayar da kwala kamarka a garin nan. Gwaggo Sitati, ke kuma ki daina cewa ke kuskure aka yi aka kama ki, ni da ke mun san awakin nan ba su bi ki gida da kansu ba.

Na biyar, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Manaja, wannan taki ce.

Kin rantse a gabana cewa Dogo ba zai taka shagon nan ba. Kina da hujja, ba zan ce ba ki da ita ba. Ya sayar da tayoyi da man motar kamfanin da yake wa tuƙi, ya ci amanar waɗanda suka yarda da shi, shekara biyun da aka ba shi bai fi ƙarfin laifinsa ba. Kin kuma ce otal ɗin da muke wanke wa zannuwa, wanda shi ne rabin aikinmu, ba sa karɓar kowa sai da takardar shaidar hali daga 'yan sanda, in suka ji labari za su janye, ga gari babu kasuwa, ga bakuna goma sha biyu suna ci daga shagon. Duk gaskiya ne. Ke ce kika riƙe mu lokacin da wutar lantarki ta yi tsada kwastomomi suka koma wanki a gida, ban manta ba.

To, watan jiya da na ce miki zan je awon jini, otal na je. Na sa aka kai ni wajen shugaban masu kula da ɗakuna, na zauna na gaya masa cewa matar da ta shekara ashirin tana wanke musu zannuwa tsohuwar fursuna ce, ɗanta ma yana ciki, kuma in ya fito a shagonmu zai yi aiki. Ina gama faɗa na fara karanta addu'a a zuci. Can ya ce dokarsu ta masu shiga cikin otal ce, wanda ke tsaye a bakin injin a shagonmu ba ruwansu da shi. Ya kuma tambaye ni ko zan koya wa ma'aikatansa ninkin tawul ɗin nan. Na ce masa kuɗin makarantar da tsada, shekara uku ne. Ya yi dariya har ya ƙware. Ban ce miki haka zai kasance har abada ba, gobe ana iya canza shi a kawo mai taurin kai. Amma yau dai wannan hujja ta faɗi, Dogo zai tsaya a bakin injin, wani ya kai kaya.

Saura hujjar da ba ki faɗa ba, ni zan faɗe ta. Kina da shekara bakwai kika ga an sa uwarki a mota. Ke kika yi ta goyon Dogo kina ce masa na tafi kwas, alhali yara a makaranta suna nuna ki da baki. Da na dawo ba ki yi mini magana ba har wata biyu, kina ajiye mini ruwa ki juya. Ban taɓa zaunar da ke na ba ki haƙuri ba, na fake da cewa yarinya ce, za ta manta. Ba ki manta ba. Ranar da aka yanke wa Dogo hukunci na ga fuskarki a kotu, fuskar yarinyar nan ce ta bakin ƙofa. Rabin fushin da kike yi da shi nawa ne, shi ya tarar da shi a ajiye. Ki yafe mini, 'yata. Ni na ɗora miki wannan kaya, kuma kin ɗauka kin zama mace wadda nake alfahari da ita a ko'ina. In kin yafe mini, to ki rage wa ƙaninki nawa kason, ki bar shi da nasa, zai iya ɗauka.

Na shida. Dogo, saurara da kyau. Gari ya fi yadda ka bar shi tsanani. Za ka ga masu takardu suna yawo da fayil, kai kuma ga tabo. Kar ka yi ƙarya a fom, na gwada, kwana tara take yi. Wasu abokanka za su tsallaka titi in sun hango ka, ka bar su, titin na kowa ne. Ka je ka ba mutanen kamfanin nan haƙuri da bakinka, ko sun kore ka daga bakin ƙofa. Matarka ta kusa shekara biyu tana kai yara makaranta ita kaɗai ba ta taɓa kawo mini ƙara ba, ka san abin da za ka yi da wannan. A shago kuma Yayarka ce shugaba. In ta ce ka sake wanki, ka sake, ko da fari ne tas. Za ta yi maka tsawa, haka take yi wa kowa, ni ma da na haife ta ban tsira ba.

Na bakwai. Mabuɗin shago biyu ne, ɗaya a jakar Manaja, ɗaya nawa mai jan zare, wanda Mai Tabarau ya ajiye mini a kan tebur. Kar ku wahalar da kanku kuna nema a ƙarƙashin katifa. Na kai shi gidan yari. Ƙawata ta bakin ƙofa ta rubuta shi a littafi, ta sa shi cikin kayan da za a miƙa wa Dogo ranar sallama, tare da agogonsa da bel ɗinsa. Na ɗauke shi aiki ke nan, wannan ce ɗauka ta ƙarshe da na yi.

Manaja, na ga sabon kwaɗon da kika saya kika ɓoye a ƙasan kanta, bayan kwalin sitati, yana cikin ledarsa. Kin zaci tsohuwa ba ta sunkuyawa. Na ɗauke shi na juya, mai kyau ne, kin iya zaɓe. Na mayar da shi inda yake. Da na so da na jefa shi a kwata, amma kwaɗo ba wuyar saye gare shi ba, kuma ba na son ki buɗe wa ƙaninki ƙofa don uwarki ta yi miki wayo. Shago a hannunki yake, ni ba na nan, babu mai hana ki. Roƙo ne kawai nake yi.

Ranar da zai fito ku je ku biyu ku ɗauko shi. Ku tafi masa da farar rigar da ke rataye a bayan ƙofar ɗakina, na goge ta da kaina tun ina da ƙarfi, kada wanda ya sake sa mata dutse. Ku ci abinci tare, ku yi ta surutu, a kunna rediyo, in an fara labarin gidan yari a bar shi ya ƙare.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da duk wanda ya taɓa riƙe jan zaren nan. Allah Ya tsare ku daga abin kunya, in kuma ya same ku, Ya ba ku wanda zai miƙo muku riga ya ce ku goge. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Na yi rayuwa mai daɗi, na ci, na sha, na yi dariya fiye da rabona, kar wanda ya tsaya yana jin tausayina.

Washegarin fitowarsa, ƙarfe shida na safe, Dogo zai tsaya a bakin kwana shi kaɗai da mabuɗi a hannu. Ƙila ya yar da shi sau biyu, gado ne. Manaja, ki bar tsohon kwaɗon a jikin ƙofa. Kuma kar in ji kin laɓe wajen mai shayi kina leƙe. Ki ja bargo ki yi barcinki har tara, 'yata, shekara talatin da biyar ke nan kina tashi da wuri.

Mahaifiyarku.